Goggo Salamatu, Mai Shimfiɗa wa Yara Tabarmar Makoki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A safiyar Talata, 14 ga watan Mayu na shekarar 2024, Allah ya karɓi ran Malama Salamatu Babandi, wadda kowa a unguwar Bukan Sidi da ke Lafia ke kira Goggo. Da safen ta shirya jikarta, ta raka ta bakin titi ta sa ta a keken da ke kai su makaranta, ta dawo ta ɗauki tsintsiya. Maƙwabciyarta Usaina ce ta shigo gaishe ta, ta same ta zaune a ƙasa ta jingina da bango, tsintsiyar na hannunta. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. An yi mata sutura kafin azahar. Ta haura shekara sittin a duniya, fiye da rabinsu ta yi su ne a gaban allo tana koyar da 'yan firamare, har ta yi ritaya.

Ni labarin bai iso gare ni ba sai bayan la'asar. Ina cikin malaman da ke tsaron jarrabawar ƙarshe ta 'yan aji shida, wayoyinmu duk a kashe a ofis. Da na kunna tawa, masu kai ki makwanci sun daɗe da dawowa, Goggo. Ban ga fuskarki ba.

Mutane da yawa sun tambaye ni me ya sa ban rubuta komai ba, ni da ba na rasa abin cewa a taron iyaye da malamai. Gajiya na ciki. Bana mun zauna makoki a gidaje da yawa, har na kai ina shiga gida in tsaya ina tunanin wa zan fara yi wa gaisuwa. Amma babban dalilin shi ne Mardiya. Jikarki ce, 'yar shekara bakwai, wadda uwarta ta rasu tana jaririya, ta tashi a hannunki, tana kwana a bayanki. Har aka yi sadakar bakwai aka watse, ba a gaya wa yarinyar nan kin rasu ba. An ce mata kin tafi garin Obi duba 'yar'uwa marar lafiya. Na kasa ɗaukar biro in sanar da duniya abin da aka ɓoye wa wadda ta fi kowa haƙƙin sani. Kuma a ce a gidanki aka yi haka, ke da kika ƙarar da ƙarfinki wajen hana a yi wa yaran mutane.

Bari in faɗi yadda na san ki, don wanda bai san aikinki ba ya gane nauyin abin.

Lokacin ina sabuwar zuwa a makarantar sakandaren da nake koyarwa, an kuma ɗora mini kula da damuwar ɗalibai. Wata safiya ina cikin aji, sai ga wata dattijuwa a bakin ƙofa da lema a hannu, tana haki. Ke ce. Kika yi sallama, kika ce shugaban makaranta ya turo ki, kina neman wani yaro Bahauddeen. Na ce gwaji suke yi, ko za ki ɗan jira. Kika matso kusa da kunnena kika ce, "'Yata, babansa ya rasu ɗazu, ana haɗa ruwan wanka. In muka jira gwajinki, tudun ƙasa zai je ya tarar." Na karɓi takardar yaron, na bi ku.

A gindin mangwaron bakin ƙofar makaranta kika zaunar da shi. Na ɗauka za ki fara da dogon wa'azi, ko ki ce jikin Baba ne ya tsananta, kamar yadda aka saba. Ba ki yi ba. Kin riƙe hannunsa kika ce, "Bahauddeen, babanka ya rasu yau da safe. Ba a rufe shi ba tukuna. In kana so ka ga fuskarsa, mu tafi yanzu. In ba ka so, ba wanda zai tilasta ka." Yaron ya yi kuka, kika bar shi ya yi, ba ki ce masa namiji ba ya kuka ba. Sannan muka tari keke. Ya riski mahaifinsa, ya tsaya a sahu aka sallace shi da shi. Daga ranar na zama 'yar rakiyarki, ba tare da kin tambaye ni ko ina so ba.

Asalin aikin ya girmi zuwana garin nan, kuma ba a ba da labarinsa sai an ambaci Anti Vera, 'yar ƙabilar Tibi da ke sayar da lemu da doya a kasuwa. Mijinta Norbert ya rasu lokacin ɗansu Terkimbi na aji uku, a ajinki. Bisa al'adarsu, aka ajiye gawar a asibiti har dangi su taru a shirya biso a ƙauye, abin da kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Aka ce wa yaron babansa na kwance ba lafiya, likita ya hana yara shiga. Wata rana kika ji wari na tashi daga jakarsa. Da kika buɗe, lemu ne cike, wasu sun ruɓe sun jiƙa littattafansa. Kullum sai ya ɗauki ɗaya daga tiren uwarsa ya ajiye, wai na Papa ne, ranar da za a bar shi ya shiga. Duk unguwa ta san Norbert ya rasu. Shi kaɗai ne bai sani ba.

Da aka tashi makaranta kika wuce kasuwa da jakar a hannu. Anti Vera ta ce da kika ajiye ta a kan teburinta, saura kaɗan ta jefe ki da doya. Da Hausarta ta Tibi ta ce miki, "Wa ya aike ka? Yaro na ne ko naka?" Ke kuma kika ja benci kika zauna, kika ce ba inda za ki sai kun yi magana. Kafin magariba ku biyu kuka zaunar da Terkimbi kuka gaya masa.

Daga nan kuka ƙulle. Wanda bai san ku ba zai ɗauka faɗa kuke yi kullum. Kina ce mata, "Ku kuna ajiye mutum a firij kamar kifi, har ya gaji da jiran ku." Ita kuma ta ce, "Ku fa? Mutum ya yi dogon barci, kafin ya farka kun riga kun dawo daga kabari." In ta kawo miki abinci da nama, sai ki ce ai shanun kakanki ne da Tibi suka cinye tun zamanin da, a ƙaro miki. Ta ce, "An gama da su tuntuni, Fulani. Je ka kai ƙara." Amma a ƙarƙashin wasan, abu ɗaya kuka gano tare. Mu muna sauri, su suna jinkiri, kuma ko'ina yaro ne ake tsallakewa. Namu ya dawo daga makaranta ya tarar an binne, nasu ya yi wata biyu yana jiran wanda ba zai dawo ba. A shekarun da rikicin makiyaya da manoma ya koro iyalai daga ƙauyuka zuwa cikin Lafia, aka riƙa ganin ku tare, ke da mayafi ita da ɗankwali, kuna shiga gidajen ɓangarorin biyu. An yi muku gori a nan, an yi muku a can. Ba ku fasa ba.

Kowa ya san yadda zaman makoki yake a wurinmu. Maza na waje ƙarƙashin rumfa, mata na cikin gida. Yaran mamacin kuwa, ko a tura su maƙwabta, ko a mai da su 'yan aike, su ɗebo ruwa, su jera takalman baƙi. Mutum zai taso daga Keffi ko Makurɗi ya yi wa ƙanen mamacin gaisuwa, ya wuce ɗan cikinsa a zaure bai ko dube shi ba. Wannan ne ya tsaya miki a rai. Sai kika sayi wata tabarmar roba mai ruwan ganye. Duk gidan da aka yi rasuwa, in masu gida sun yarda, kina shimfiɗa ta a zaure ko a wani gefen tsakar gida, ki zaunar da yaran, ki zauna kusa da su. Duk wanda ya gama gaisuwa zai fita, sai ki ɗaga murya: "Alhaji, ba ka gama ba. Ga masu mutuwar nan." Na ga manyan mutane da babbar riga sun durƙusa gaban yarinya 'yar shekara biyar suna ce mata, "Ya haƙuri?" Kin koya wa yaran su amsa, "Da godiya," su ce amin in an yi addu'a. Wasu baƙin kan yi da kunya, wasu da fushi. Amma na ga waɗanda sai a gaban yaran hawayensu ya zubo.

A gidajen Kirista, inda ake kafa rumfuna da kujerun roba, mawaƙan coci na waƙa, Anti Vera ce ke gaba, ke kina biye da tabarmar a hammata. Sannu a hankali muka zama 'yan mutane kaɗan: Usaina, da ni, da mata biyu daga cocin su Anti Vera, da wani ladan, da wani katikis mai koyar da addini a coci. Ba mu da suna, ba mu da ofis. In an yi rasuwa a gidan da ke da ƙananan yara, mutane dai kan ce a kira masu tabarma.

Abin da ya fi gajiyar da mu shi ne abin da ke biyo baya, kuma a nan ne ba ki ɗaga wa kowa ƙafa. Kina cewa ranar farko kowa na zuwa, mu namu zuwan sai an mayar da tukwanen aro. Bayan arba'in, lokacin da gida ya yi tsit, sai a gan ki da lemarki kina ɗingisa gwiwar nan da ta dame ki, kin je ganin ko yaro na cin abinci, ko ya koma fitsarin kwance. Ranar da zai koma makaranta, ke ke raka shi har aji, ki ja malaminsa gefe ki ce kada a doke shi in an ga ya yi shiru yana kallon taga. Yara suna tambayar ki abin da ba sa tambayar kowa. Wata ta tambaye ki ko ana jin sanyi a kabari in an yi ruwa. Wani ya ce ko don ya ƙi zuwa aike ne Mama ta mutu. Wannan kam kin ce masa a'a da ƙarfi, kika maimaita har ya ɗago kai. Abin da kika sani kina faɗa. Abin da ba ki sani ba sai ki ce, "Ban sani ba, amma zo mu tambayi liman," ko katikis, gwargwadon gidan da yaron ya fito.

Ba zan ce ba ki da naki halin ba, don kin tsani a yi wa mamaci kwalliyar ƙarya. Bakinki na da kaifi. Kina shiga inda ba a gayyace ki ba. Akwai gidan da wani dattijo ya kore ki, ya ce kina koya wa yara kuka. Kika naɗe tabarmarki ba musu, kika tsallaka titi kika zauna a bencin mai shayi, har matar mamacin ta aiko a ɓoye a kira ki ta ƙofar baya. Kuma akwai abu ɗaya da ba ki taɓa sakar wa kowa ba: zuwa makaranta ɗauko yaro, da furta masa maganar. Mu muna ɗaukar tabarma, muna dafa kunu, muna rakiya. Amma faɗin "ya rasu" naki ne. Na sha ce miki, "Goggo, ki bar ni in gwada ko sau ɗaya, kina gefe." Sai ki ce, "Ke da kike kuka tun kafin yaron ya fara? Bari tukuna. Ai ina nan."

To, ranar Talatar nan ba ki nan.

Usaina ta ba ni labarin yadda aka yi. Kowa ya yi aikin da ya saba. Ita ta kira mutane. Anti Vera ta rufe teburinta ta taho da gudu. An yi wanka, an yi sutura, maza sun ɗauka. Wata cikinmu har ta ɗauko tabarmar daga bayan ƙofarki ta shimfiɗa a zaure. Sai da ta shimfiɗa aka ga ba wanda zai zauna a kai. Anti Vera ta ce, "Ina Mardiya?" Usaina ta ce wallahi a wannan lokacin duk sai suka juya suna duban ƙofa, kamar kin tafi ɗauko ta ne kina hanya. Shekaru muna wannan aiki, ba wanda ya taɓa tambayar wa zai je makaranta, domin kafin a tambaya kin riga kin tafi.

A lokacin an riga an isa maƙabarta. Ɗanki na fari, Malam Hizbullahi, mai shagon magungunan dabbobi a unguwar Akurba, ya ce kada a kawo yarinyar cikin wannan taro. Da aka tashi makaranta, matarsa ta je ta ɗauko ta, ta wuce da ita gidansu kai tsaye. A cikin keke Mardiya ta ce, "Ina Goggo?" Baiwar Allah ta ce bakinta ne ya amsa kafin ta yi tunani: "Ta tafi Obi." Abin da aka faɗa mata ke nan ita ma tana ƙarama, da aka yi musu rasuwa. Ban ga laifinta ba. Maganar na nan a bakin kowa, a shirye.

Sai dai maganar ba ta tsaya inda aka ajiye ta ba. Aka hana Mardiya zuwa makaranta, don 'yan ajinsu na Bukan Sidi duk sun sani. Aka ja kunnen yaran maƙwabta. Da ta ce a kira mata ke a waya, aka ce ba sabis a ƙauyen. Aka fara maganar canza mata makaranta gaba ɗaya. Masu zuwa gaisuwa Akurba sai a tare su a waje, a yi ƙasa da murya. Ita kuma kullum bayan la'asar tana kan dakalin ƙofar gida, duk keken da ya rage gudu sai ta miƙe.

Na je wurin Malam Hizbullahi ba sau ɗaya ba. Na kawo masa duk abin da na karanta game da yara da rashi, na faɗi yadda yaron da aka ɓoye wa kan daina yarda da manya. Yana saurare na da ladabi, idanunsa jawur. Ya ce, "Malama, na binne uwata, ko kuka ban samu na yi ba. Yarinyar nan ba ta da uwa, uban na can Kudu, sai a shekara ba a gan shi ba. Goggo ce kaɗai ta rage mata. In na ce mata ita ma ta tafi, me na bar mata? Ku bari ta ƙara wayo." Na dawo gida na zauna da takalmina a ƙafa, na kasa ko cirewa. Na yi fushi da ke a ranar, Goggo, Allah ya yafe mini. Na ce da kin bar mu mun koya.

A zuwa na gaba Anti Vera ta ce za ta bi ni. Ta zauna a bencin shagonsa, tsakanin buhunan gishirin shanu, ta ƙi karɓar ruwan da ya miƙo.

"Hizbullahi, kai yaro na ne, tun kana zuwa kasuwa kana satar min lemu."

"Anti, ba sata ba ce, Goggo ce ke cewa in ɗauka, bashin shanu ne."

"Ka ji ko? Ɓarayi." Ta yi dariya kaɗan, sannan ta share ido da bakin zane. "Ka ji ni da kyau. Abin da kana yi, ni na yi shi. Terkimbi bai riƙe ni don babansa ya mutu ba, ba ni ya kashe shi ba. Amma ya fi shekara bai yarda da magana na ba. In na ce abinci ya dahu, sai ya tashi ya buɗe tukunya ya duba. Yaro na, a gida na. Wannan yarinya a gidanka zai zauna har ya yi aure. Kana so ya dinga buɗe tukunya?"

Wani Bafulatani ya shigo neman maganin tsutsa, ya sallame shi, ya dawo ya zauna. Sannan ya ce, "To ku gaya mata. Ku ne masu aikin."

Na dubi Anti Vera, ta dube ni. Duk shekarun nan, ban da ranar Terkimbi da kika riƙe mata hannu, ba wadda ta taɓa furta kalmar a cikinmu. Amma ba wannan ya sa ta ƙi ba. Ta ce, "A'a. Daga gidanka ƙarya ya fito, daga bakinka gaskiya zai fito. Mu za mu zauna kusa." Ya ce a bari sai Juma'a in an sauko daga masallaci.

An yi ruwa da safen Juma'ar, tsakar gidan duk danshi. Mardiya na zaune a kan turmi da aka kifa, matar Malam Hizbullahi na tsefe mata kai. Ta gaishe mu, ta ce, "Anti, kun ga Goggo a hanya?" Na ce mata kawunta na da magana da ita. Ya zo ya tsuguna a gabanta da kayan Juma'arsa, bakin rigar na jan laka bai kula ba.

"Mardiya, tafiyar nan da Goggo ta yi..." Ya tsaya. Anti Vera ta yi gyaran murya. Ya sake farawa. "Goggo ba ta je Obi ba. Goggo ta rasu, ranar da aka ɗauko ki daga makaranta. Mun yi mata salla, mun binne ta. Ni na ce a ɓoye miki. Ki yafe mini."

Yarinyar tana ta murza bakin siket ɗinta. Muna jiran ihu. Sai ta ce, a hankali, "Na sani, Kawu."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Ranar da muka je ɗauko kayana, na ga tabaran idonta a kan taga. Goggo ba ta fita ko ƙofar gida babu shi."

Matar Malam Hizbullahi ta saki matajin ya faɗi. Shi kuma ya ce, "To me ya sa kike zama a waje kullum kina duban keke?"

Ta ce, "Ai ku duka kun ce tana zuwa. Na ce ko ni ce ban gane ba."

Sai a sannan ta fashe da kuka, ta faɗa jikinsa. Shi ma kukan da bai yi ba tun ranar Talatar nan ya zo masa, babban mutum durƙushe a laka, yarinya na riƙe da wuyansa. Ba wanda ya ce musu su yi shiru. Na yi ta tunanin makonnin da ta yi ita kaɗai da abin da idonta ya gani, tana ƙaryata kanta don ta gaskata mu.

Da ta natsu ta tambayi abu biyu: ko kin ji zafi, da kuma inda aka sa ki. Na farkon Usaina ce ta amsa mata daga baya, don ita ta gani. Na biyun kuwa, washegari da safe kawunta ya riƙe hannunta ya kai ta, ya nuna mata, suka yi miki addu'a. Ranar Litinin ta koma makarantarta ta da. An fasa canza mata. Har yanzu ba ta cika cin abinci ba, kuma matar kawunta ta ce takan farka tana kiran sunanki. Za mu ci gaba da zuwa.

Ban sani ba ko za mu iya riƙe aikin nan yadda kika riƙe shi. Anti Vera ma ƙafa ta fara ba ta wahala, ni ga aji ga gida, kuma rasuwa ba ta ragu ba don mun gaji. Mun dai zauna mun yanke cewa daga yanzu, duk gidan da aka kira mu, kafin a ɗora tukunya sai an ambaci sunan wadda za ta je ɗauko yara, kowa ya ji, ita ma ta amsa.

Allah ya jiƙan ki, Goggo Salamatu. Allah ya gafarta miki kurakuranki, ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi, ya sauƙaƙa miki tambaya. Duk tafiyar da kika yi da ciwon gwiwa zuwa gidan marayu, Allah ya sa ki same ta a mizani. Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki, ya haɗa ki da 'yarki da ta riga ki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Hizbullahi da maiɗakinsa da sauran 'ya'yanki, da 'yan'uwanki na Obi da na ruga, da Usaina, da tsofaffin ɗalibanki da suka cika garin nan, da Anti Vera wadda ta rasa abokiyar faɗa. Ga Mardiya kuma, Allah ya raya ki, ya albarkaci rayuwarki, ya ba kawunki ikon riƙe ki da amana. Mu da muka rage, Allah ya ba mu haƙuri da ƙarfin ƙafa, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.